Ƙoren Inna Guda Bakwai

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zuriyarmu, na kuma san ta iso kunnenku tun kuna ƙanana. Wai ni ubanku na faɗi jarrabawar fita kwaleji ne saboda na bar karatu na koma gida ina zaman bakin murhu kamar mace. Baffanninku sukan faɗe ta da dariya a wurin suna ko ɗaurin aure, ni ma in taya su dariyar, don ba ƙarya ce ɗungurungum ba. Na zauna a bakin wuta, na kuma maimaita aji. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai abin da ba su sani ba. Yanzu da tsufa ya zaunar da ni wuri ɗaya, ga takarda ga alƙalami, bari in ba ku labarin yadda ya faru.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi kuwa gari ne shiru-shiru da za ka ratsa da keke ba tare da ka yi gumi ba. Ina shekarar ƙarshe a kwaleji, sashen zane-zane. Ba yabon kai ba, idan aka yi baƙi aikina ake fara nuna musu. Akwai wasu manyan littattafai na ƙasashen Turawa a ɗakin karatunmu, babu hoton da ke cikinsu da ban kwaikwaya ba: duwatsu masu ƙanƙara a ka, jiragen ruwa cikin teku, kwandon 'ya'yan itacen da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Idan na gama sai ka rasa wanne ne nawa wanne ne na littafin. Mutum ɗaya ne kawai abin bai burge ba, shi ne malaminmu, Malam Ishaya, wani siririn mutumin Zuru mai tabarau. Wata rana ya daɗe yana kallon wani dutsen ƙanƙara da na zana, sannan ya ce da ni:

"Manu, hannunka ya iya aiki. Amma idon nan da kake kallo da shi na aro ne. Ranar da mai shi ya zo karɓar abinsa, da me za ka gani?"

Na ji haushin maganar ƙwarai, na ɗauka hassada ce irin ta malamin da ɗalibi ya kusa kamowa. Shi kuwa yana da wata ɗabi'a: duk inda ya ji za a yi lacca ko baje kolin aikin hannu, sai ya kwashe mu ya kai. Mun saurari wani tsohon magini yana bayanin adon bango, mun saurari wani masaƙi da ya zo da masaƙarsa har cikin zauren taro. Gaskiya mu dai don shan iska da lemon kwalba muke zuwa. Ni musamman nakan zauna a baya, ina ganin me magini zai koya wa mutumin da ya iya zana teku.

Ana cikin haka sai ya ce mana za a yi baje kolin sana'o'in hannu a garinmu Argungu, kuma wani malamin jami'a daga Sakkwato zai yi jawabi. Ranar tafiya abokaina suka yi ta murna, suna cewa yau za su ci kifi a gidan su Manu. Ni kuwa tun daga Ambursa, muna wuce masu yankan shinkafa a fadama, na fara neman dabarar da zan hana su. Ba na son su ga gidanmu. Kakanku, Baba, manomin shinkafa da albasa ne, ba shi da abin kunya, amma kuruciya da boko sun sa ina ganin ƙauyanci a duk abin da na taso a ciki. Abin da na fi ɓoyewa shi ne sana'ar Inna, kakarku. Kullum bayan azahar takan zauna a inuwar rumfa da kaskon garwashi da wasu ƙananan wuƙaƙe uku da maƙeri ya ƙera mata. Sai ta sa wuƙa a wuta ta yi ja, ta ɗauko ta riƙa ƙona zane a bayan ƙwarya. A wurin kakarta Bafillata ta koya. Wata dillaliya ke zuwa ta kwashe ta kai kasuwa. Yatsun Inna duk tabon ƙuna ne, zanenta kullum ƙaurin hayaƙi. Ban taɓa lissafa abin da take yi cikin zane ba. A wurina ɗaya yake da daka da shara.

A wani babban zaure aka yi baje kolin. Ga tabarmi, ga taru da homa na masunta, ga jakunkunan fata, ga tukwane. Da aka zauna sai mai jawabin ya miƙe, wani dattijo mai sanyin murya. Bai buɗe takarda ba, sai ya je kan wani tebur ya ɗauko ƙwarya ɗaya ya ɗaga sama. Ina ganinta na gane ta. A gabana Inna ta yi ta lokacin hutun damina, har na tuna na ture ta da ƙafa ina neman takalmina. Mutumin nan ya yi kusan rabin sa'a yana magana a kan ƙwaryar nan kaɗai, yana jujjuya ta a hankali kamar mai riƙe da jariri.

"Ku dubi inda mai wannan aiki ya tsaya," in ji shi. "Kowa ya iya cika wuri da zane. Sanin inda za a bari babu komai shi ne gwaninta. Ku kuma tuna, ku ɗalibai kuna da abin goge fensir. Mai wuƙar wuta ba shi da shi. Duk inda ta taɓa ya zauna ke nan, ga shi kuma a kan abu mai lanƙwasa ake jan layin, amma ya zagayo ya iske mafarinsa daidai."

Na zauna ina kallon abin da na shekara ashirin ina tsallakewa a tsakar gidanmu kamar yau na fara ganinsa. Wuri ɗaya kawai dattijon ya kuskure. Ya ce 'yan ƙananan alamun nan masu yatsa uku taurari ne. Ni na san ba taurari ba ne, don na sha jin Inna tana kiransu sawun balbela. A ƙarshe ya nuna 'yar takardar da aka ajiye a gaban ƙwaryar, ya ce an rubuta ba a san mai yin ta ba, a kasuwa aka saye ta.

"Ko akwai ɗan garin nan a cikinku da ya san hannun wanda ya yi wannan aiki?"

Abokaina suka waiwayo suna kallona. Malam Ishaya ma ya waiwayo. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har dattijon ya mayar da ƙwaryar ya zauna. Daga zauren zuwa ƙofar gidanmu bai fi tafiyar minti goma ba, amma ban je ba. Na ce wa abokaina kaina ke ciwo, na shiga mota na jira su.

Mako guda na yi ba ni da sukuni. Ranar Juma'a da aka tashi na hau mota na tafi gida. Na iske Inna a rumfarta, na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da kaskon, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Ta ɗago ta dube ni.

"Lahiya, Manu? Mi kaka so?"

"Inna, so nika yi ki koya min."

Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar. "Kai da anka kai makarantar zane? Wanga ai ƙonon ƙwarya na, ba zane ba."

Na ba ta labarin dattijon da abin da ya ce, amma na tsallake inda ya yi tambaya na yi shiru. Ta saurara tana murmushi, ta ce masu boko ba su rasa abin faɗi. Da ta koma kan aikinta ne na lura da yadda take kai ƙwaryar kusa da fuskarta, har hayaƙi na shiga mata ido. Na duba da kyau, sai na ga yana ta fara rufe idonta na hagu. Ashe ta daɗe tana ɓoyewa, ko Baba bai sani ba. Nan na gane cewa idan ban koya yanzu ba, babu wani lokacin.

Na koma na roƙi Malam Ishaya ya bar ni in yi aikina na fita a kan zanen ƙwarya, in riƙa zama a gida. Ban gaya masa wace ce za ta koya mini ba, na ce dai wata tsohuwa ce a unguwarmu. Ya yarda, amma ya tuna mini cewa doka ita ce kowane ɗalibi ya kawo aiki goma sha biyar na hannunsa. Na ce wannan mai sauƙi ne. Ban san wuƙar wuta ba. Wata huɗu na yi ina ƙona yatsu ina huda ƙore. Ni da ake nunawa baƙi, sai ga ni na kasa jan layi ɗaya ya zagayo ya haɗu. Inna ba ta faɗa, ba ta kuma yabo. Idan na miƙa mata aiki ta ga bai yi ba, sai kawai ta kife shi a gefe ta miƙo mini sabuwar ƙwarya. A hankali ta riƙa gaya mini sunayen zanen: wannan idon taru, wannan ƙayar kifi, wannan ruwa-ya-janye, wato layukan da gulbi ke bari a kan laka idan ya koma. Duk daga ƙuruciyarta a Augie ta riƙe su, don tun da aka kawo ta gidan Baba ba ta sake tsayawa a bakin gulbi ba. Wata safiya ta ce da ni:

"Ka tai bakin ruwa ka gano min, ko har yanzu hakanan balbela ka taka laka."

Na ɗauki takarda da fensir na tafi. Na tsuguna a bakin gulbi har rana ta take, ina zana sawun tsuntsaye, da tsagewar laka, da yadda taru ke zuba idan an shanya shi a kan gora. Na kawo mata, ta kai takardar kusa da idonta na dama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ajiye mata a ƙarƙashin tabarmarta. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na zana abin da idona ya gani, kuma daga ranar ban sake buɗe littattafan nan na ɗakin karatu ba.

A gidan kuwa magana ta yi yawa. Gwaggo Kulu, yayar Baba, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ba ta iya ganina a rumfar ta yi shiru. Takan wuce da butarta tana magana da kaji don in ji:

"Anka yi ta noman albasa anka kai shi boko, ga shi ya dawo shina hura ma uwatai wuta."

Baba shi ba mai yawan magana ba ne. Yakan dawo daga fadama ya gan mu, ya yi gyaran murya ya wuce. Sai da lokacin komawata ya matso ya kira ni zaure bayan la'asar.

"Na ji an ce za a jera ƙoren ga gaban mutane. Aikinka na, ban hana ka ba. Amma sunan iyalina ba shi hawa bango maza su tsaya suna karatu nai. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Da na tattara abin da na yi, sai na ga ƙore biyar ne kawai za su iya shiga mutane, sai zanen bakin gulbi guda shida. Goma sha ɗaya ke nan, kuma lokaci ya ƙure. Inna ta ga damuwa a fuskata, ta tambaye ni na gaya mata. Sai ta shiga ɗaki, ta fito da ƙore bakwai naɗe a tsohon zane. Su ne mafi kyau da ta taɓa yi, waɗanda ta hana dillaliya.

"Haɗa da naka, ka ce kai kay yi. Abin uwa ai na ɗa na. Ni mi za ni yi da suna?"

Na karɓa. Da na kwance kayan a gaban Malam Ishaya, ya ɗauki ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na Inna, bai san ba nawa ba ne. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ce akwai gurbi ɗaya na ƙaro karatu a Zariya, kuma da wannan aiki babu mai ja da ni. Na yi masa godiya, ban gaya masa gaskiya ba.

Ranar da za a buɗe baje kolin ɗalibai, da safe aka ba mu 'yan katuna mu rubuta suna a gaban kowane aiki. Na rubuta nawa a kan goma sha ɗaya, bakwai suka rage a hannuna. Na zauna a kan benci da alƙalami ina ta juya maganar. Baba ya hana a sa sunanta. Ita da kanta ta ce in ce nawa ne. Malamina yana murna. Duk hanya ɗaya suka nuna mini, kuma ita ce mai sauƙi, babu kuma wanda zai taɓa sani. Amma na san wannan ba biyayya ba ce. Shirun nan ne dai da na yi a zauren Argungu zan sake yi, wannan karon har da ɗora sunana a kan ƙunar yatsunta. Sai na rubuta a kan kowane kati: Aikin Asabe, mahaifiyar Usmanu, Argungu. Usmanu shi ne cikakken sunana; nata sunan kuwa tun da aka haife ni ban taɓa furta shi ba balle in rubuta.

Malam Ishaya ya zo zagaye, ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa.

"Ita ce tsohuwar unguwarku?"

Na ce ita ce.

"Ka san abin da wannan ke nufi?"

Na ce na sani.

"To. Ba zan ce ka cire ba. Ba zan kuma iya cetonka ba."

Haka kuwa aka yi. Mai duba jarrabawar da aka turo daga waje ya fi daɗewa a teburina fiye da na kowa, ya yaba, ya ƙirga aikin hannuna ya samu goma sha ɗaya, ya ce doka doka ce. Ban ga laifinsa ba. Aka ce sai na sake shekara, gurbin Zariya kuma aka ba wani abokina da ya cancanta.

Kwana uku aka bar baje kolin a buɗe don mutanen gari. Wani ɗan unguwarmu da ke aikin masinja a Birnin Kebbi ya shigo ranar farko, kafin rana ta faɗi labari ya isa Argungu. A rana ta uku da hantsi ina tsaye a bayan teburina sai na hango Baba a bakin ƙofa, da rigarsa ta zuwa Juma'a, yana cire takalmi duk da kowa da nasa ya shiga. Motar albasa ya biyo. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa a taƙaice bai dube ni ba. Ya tsaya a gaban ƙoren goma sha biyu, waɗanda na jera a cakuɗe. Baba bai iya karatun boko ba, katunan ba su gaya masa komai ba. Sai ya miƙa hannu ya fara taɓa su da yatsa.

"Wagga tata ta. Wagga taka. Wagga tata."

Har ya kai ƙarshe bai kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da nake zaton bai taɓa tsayawa ya kalli abin da ake yi a rumfar nan ba. Sannan ya ɗauki kati ɗaya ya ce in karanta masa. Na karanta murya ƙasa-ƙasa. Sai ya ce:

"Na hana ka, ka yi. Wagga magana tsakanina da kai ta, ba ta wuce ba. Amma tunda anka rubuta, a rubuta daidai. Asabe sunan rana na. Ba shi anka raɗa mata ba. Ba ni alƙalamin."

Na miƙa masa. Ban taɓa jin sunan Inna a bakin Baba ba, ranar ma bai furta ba. Ya duƙa a kan teburin, ya riƙe alƙalamin yadda ake riƙe na kara, ya rubuta da ajami a ƙasan rubutuna: Ruƙayyatu. Ya bi katunan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a hankali, ɗalibai sun yi cirko-cirko suna kallo. Ranar na fara sanin sunan yankan uwata. Da ya gama ya miƙo mini alƙalamin, ya sa takalminsa ya tafi tasha, ya ce kada in raka shi.

Da ya ce maganar ba ta wuce ba, da gaske yake. Tun daga lokacin har babbar salla gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma a shekarar da na maimaita ban ga ko ƙwayar shinkafa daga gida ba, sai ɗan abin da Inna ke ƙullo mini a ɓoye. Rubuta allunan shaguna na riƙa yi a kasuwa ina ciyar da kaina. Zariya kuwa ban taɓa zuwa karatu ba. Na fita a shekara ta gaba, aka ba ni koyarwa, na yi ta koya wa yaran Argungu da Birnin Kebbi zane har na yi ritaya. Abokin nan nawa ya yi suna, har ƙasashen waje ya kai aikinsa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai shekarun da idan na ji labarinsa nakan ji kishi. Amma ko a waɗannan shekarun ban taɓa fatan a mayar da ni kan bencin nan in rubuta wani abu dabam ba.

Damina biyu bayan haka idon Inna na dama ma ya rufe. Aka kai ta asibiti, aka ce an makara. Ta ba ni wuƙaƙenta uku, amma ba ta bar rumfar ba. Duk hutu nakan zauna a gefenta in yi aiki, idan na gama in sa mata a hannu, ta bi layukan da babban yatsa ta nuna mini inda na yi gaggawa. Wata rana, a lokacin an haifi babbar yayarku, na miƙa mata wata ƙwarya da na gama ban ce komai ba. Ta shafa ta, ta juya, ta sake shafawa tun daga baki har gindi.

"Wagga yaushe niy yi ta? Ban tuna ta ba."

"Ni niy yi ta, Inna. Jiya na gama."

Yatsanta ya ci gaba da bin zanen. Na jira ta nuna mini inda na kuskure. Sai ta jawo ƙwaryar ta ɗora a kan cinyarta, ta rufe ta da hannu biyu.

"To bar min ita. Da ita za ni shan hura."

Da ita kuwa ta riƙa sha har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba da Gwaggo Kulu da Malam Ishaya da ya jure mini, mu kuma ya kyautata namu zuwan.